Sim ɗin aljanu a ƙasar tuddai dubu

Sharaɗi ɗaya Hajiya ta gindaya mini kafin ta sa wa tafiyar albarka: kullum bayan sallar Magariba ta ji muryata. Ba ta karanta saƙo, ba ta kuma karɓar "ya ce a gaishe ki". Tun da ciwon suga ya taɓa mata ido, da kunne take ƙidaya 'ya'yanta, wanda ba ta ji ba to ba ya nan. Na ce mata in sha Allahu, alhali a raina ina tuna wata tafiya da na taɓa yi, inda na bar layina na gida a buɗe, na amsa kira biyu, na wayi gari kuɗin cikinsa sun ƙare ƙarƙaf.

Ruwanda za ni. Sana'ata sayar da iri da takin zamani a Kano, kuma ƙungiyarmu ta samu gayyata zuwa babban taron noma da abinci na Afirka da aka yi a Kigali a makon farko na Satumban 2024. Ni da wani abokin sana'ata, Bazazzagi, muka ce bari mu riga taron da mako guda, mu haura arewacin ƙasar mu ga yadda suke noman dankalin turawa a gindin duwatsu. Biza ba ta ba mu wahala ba, don ɗan Afirka a filin jirgi ake buga masa izinin kwana 30 ba tare da ya biya ko sisi ba. Maganar waya ce ta tsaya mini a rai.

Ɗan yayata ne ya ce, "Kawu, ka sayi eSIM mana, kana sauka sabis na jiran ka." Na ce masa ya yi mini Hausa. Ga yadda na fahimta. Sim ɗin da muka sani ɗan kati ne da ake zura wa waya. Shi kuwa wannan ƙwayarsa tana manne a cikin wayar tun daga masana'anta, sai dai babu komai a cikinta, kamar shagon da aka gina ba a zuba kaya ba. Abin da kake saya bayanan layi ne, a turo maka ta intanet su zauna a cikin ƙwayar. Masu sayar wa matafiya kuma ba su da turken sadarwa ko ɗaya a ƙasar da za ka. Yarjejeniya suke da ita da kamfanonin can, layinka ya shiga a matsayin baƙo, ya raɓu da turakun masu gida. A lokacin ban ba wannan maganar ta ƙarshe muhimmanci ba, sai da na hau dutse.

Ranar da Bazazzagi ya shigo Kano muka je Farm Centre wajen mai gyaran wayar da na saba da shi. Ya ce, "Alhaji, danna *#06#." Na danna, lambobi suka jeru, a cikinsu har da wata doguwa mai ƙwaya 32 da aka rubuta EID a kanta. Ya ce in dai akwai wannan, wayar tana da ƙwayar. Tawa iPhone 12 ce 'yar Landan, kuma ya ce tun daga XR da XS na 2018 suke zuwa da ita, ban da waɗanda aka yi wa kasuwar Chaina masu ramin sim biyu. Sai ya shiga saiti ya duba ko a kulle take, ya ce a buɗe take tun daga kamfani. Da ya karɓi ta abokina ya zare sim, sai ga wani ɗan abu siriri kamar ɓawon albasa a ƙarƙashinsa. "Yallaɓai, taka da cif aka buɗe ta. Ta wani kamfanin Amurka ce, wannan ɗan abin ne yake yaudarar ta. To eSIM ba shi da jikin da za a liƙa wa cif." Ɗaya wayar tasa kuwa Tecno ce, lambar EID ba ta ma fito ba. Bazazzagi ya mayar da wayoyinsa aljihu ya ce dama shi bai yarda da sim ɗin da ido ba ya gani ba, sim ɗin aljanu. Sunan da ya bi mu ke nan har muka dawo.

Saye ya fi komai cin rai. A lokacin yawancin bankunanmu sun dakatar da sayayyar waje da katin naira tun 2022, don haka sau uku ina gwadawa ana dawo da ni. Ƙarshe da katin dala na intanet na ɗan yayata aka biya, ni kuma na tura masa naira. Na ɗauki 5GB na kwana 30 a kan dala 20 da 'yan kai, dala kuma tana wajen naira 1,600, ka ga an haura naira 30,000. Na ji zafin kuɗin, don a gida wannan kuɗin data ce ta dukan iyali. Akwai na ƙasashen Afirka da yawa a haɗe, amma ya fi tsada, sai na tsaya a na Ruwanda kaɗai.

Minti biyu ba a yi ba saƙon imel ya shigo da hoton nan mai kusurwa huɗu da ɗige-ɗige, wato QR. Aka ce in yi sikanin ɗinsa da kyamara. To a wayar da zan saka layin na buɗe saƙon, waya kuma ba ta iya kallon fuskarta. Na tura hoton wayar uwargida, na ɗauka daga can. Abubuwa uku yaron ya nanata mini kafin ya tafi. A gida ake sakawa, inda akwai intanet mai ƙarfi, don sai da intanet layin ke sauka. Sau ɗaya hoton ke aiki, in ka goge layin ka goge kuɗinka. Sannan in karanta yaushe kwanakin ke fara ƙirguwa, don wasu daga ranar sakawa ne, nawa kuwa sai ranar da ya fara kama sabis a can. A ƙasan hoton akwai layi biyu na haruffa da ake bugawa da hannu in kyamara ta ƙi, na kwafe su a takarda na sa a cikin fasfo. Wayar ta nemi in raɗa wa layukan suna, na sa wa ɗaya Gida, ɗaya Tafiya.

Litinin 26 ga Agusta muka tashi daga Abuja. Jirgi na taɓa ƙasa a Kanombe, filin jirgin Kigali, na kunna Tafiya, sabis ya cika taf, agogon wayar ya ƙara awa ɗaya da kansa. Na juya wa Bazazzagi fuskar wayar ina murmushi. Sai dai babu abin da ya buɗe. WhatsApp na ta juyi, taswira fari fat. Na kashe na kunna, na sake kashewa. Har muka wuce jami'an shige da fice, aka duba ko muna ɗauke da leda, don an haramta ta a ƙasar tun 2008, ina nan ina latse-latse. Da Wi-Fi na filin jirgin na samu yaron. Tambayar farko da ya yi ita ce, "Kawu, ka kunna romin?" Ashe tun a Abuja na bi layukan biyu na kashe musu romin, wato damar da layi ke da ita ta jan data a ƙasar da ba tasa ba, saboda wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi kuwa layin tafiya ai baƙo ne, da romin yake rayuwa, kuma ba abin da za a ƙara caja tunda an riga an biya. Ya ce in kunna na Tafiya, in bar na Gida a kashe, in kuma kashe wani maɓalli da ke ba wayar damar tsallakawa ɗaya layin in ta ga data ta yi rauni. Ina taɓawa saƙonni suka fara zubowa.

Nan fa na ci ribar kuɗina. Tun muna bakin ƙofa na ga hanyar masaukinmu a taswira, na san nisan, na yi wa gida saƙon mun sauka. Bazazzagi sai washegari ya samu layi, bayan ya je ofishin kamfani da fasfo an ɗauki hotonsa. Daren farko da wayata ya gaisa da iyalinsa, bai kuma ambaci aljanu ba.

A Kigali ban ga aibunsa ba sai abu biyu. Na farko ƙarami ne: datar ba kai tsaye take fita ba, sai ta zagaya ƙasar kamfanin da ya ba da layin kafin ta dawo. Shi ya sa Google ya riƙa nuna mini talla da wani harshen Turai da ban sani ba, shi ya sa kuma in muna magana da Hajiya muryoyinmu ke karo. Ta yi tambaya, kafin amsata ta isa ta ce, "Ka yi shiru?" Sai muka koyi jiran juna kamar masu oba-oba. Lambar WhatsApp ɗina dai ba ta canza ba, kuma da yake layin Gida na kunne, saƙon banki na shigowa. Kira ne ba na ɗagawa.

Na biyun shi ne babba, kuma babu wanda ya gaya mini nauyinsa: layin ba shi da lamba. Data ce zalla. Ba ka kira, ba a kiran ka, ba ka tura tes. Ruwanda kuwa ƙasa ce da kuɗi ke tafiya ta lambar waya. 'Yan acaɓarsu, masu jar riga da hular kwano biyu, ɗaya tasu ɗaya ta fasinja, da mai shago, da mai sayar da madara, kowa na da lambar MoMo a rubuce, a danna *182# a biya. Suna karɓar tsaba, amma canji ya zama rigima. A Nyamirambo, unguwar Musulmi inda muke zuwa cin abinci da sallah, na sha tsayawa da takardar faran 5,000 a hannu ana zagaye neman canji, abokina kuwa ya danna waya ya wuce. A wurin na ɗanɗana ikivuguto, kindirmonsu, mai kauri har cokali na iya tsayawa. Mun kuma je Gisozi, inda aka binne sama da mutum 250,000 daga cikin waɗanda aka kashe a kisan kiyashin 1994. A can da hannuna na kashe wayar, ban kunna ba sai da muka yi nisa.

Laraba muka shiga mota a tashar Nyabugogo zuwa Musanze, can arewacin ƙasar. Motar kan lokaci take tashi ko ta cika ko ba ta cika ba. Tafiyar kusan kilomita 100 ce amma ta haura awa biyu, don hanyar nannaɗe take da tuddai, ga kyamarorin kama masu gudu da suke kira Sofiya. Daga fita gari aka fara hawa zuwa Shyorongi, daga nan kuma sabis ya fara wasan ɓuya. A kan tudu ya cika, a gangara kwari ya koma sanda ɗaya, a sha kwana ya ɗauke, a sake haurawa ya dawo. Ni da na taso inda in ka tsaya a hanyar Wudil kana hango ƙarshen duniya, ban taɓa tunanin cewa sabis gani yake yi ba. Tsakanin waya da turke ana son sarari. Bango na rage shi, bishiya na rage shi, tudu kuwa tare shi yake yi ɗungurungum. Shi ya sa duk turakun da na gani a ƙoƙuwar tudu aka kafa su, kuma duk kwarin da tudu ya yi wa inuwa ba ya samu. Ruwanda ta yi ƙoƙari ƙwarai a wannan fanni. Tun 2013 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin KT na Koriya ta Kudu don shimfiɗa 4G, har ya kai ga sama da kashi 90 cikin ɗari na jama'a. Amma jama'a aka ƙirga, ba ƙasa ba. Inda mutane ke kwana aka bi, matafiyi kuwa inda ba a kwana yake son zuwa.

Abin da na lura da shi a motar nan shi ne, duk lokacin da nawa ya ɗauke na Bazazzagi ma ya ɗauke, in ya dawo tare suke dawowa. Kamfanoni biyu ne a ƙasar, MTN da Airtel, sunayen da muka sani a gida, kuma ashe baƙon layina a kan turken da nasa yake ya raɓe. Tsadar da na biya ba ta saya mini ko taku ɗaya na ƙarin sabis ba.

Mun tsaya a Nyirangarama, inda kowace mota ke tsayawa. A nan ake yin akabanga, man barkono mai azabar yaji da ake sayarwa a 'yar kwalba mai ɗigo, sak ta maganin ido. Na sayi shida na tsaraba. Da na tura wa uwargida hoton, amsarta ita ce in na kawo su kada su kwana a ɗaki ɗaya da magungunan Hajiya.

Masaukinmu yana wajen Musanze ta hanyar Kinigi. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Kigali ta haura 1,500, Musanze kuwa wajen 1,850, mu kuma muna sama da nan. An gina ɗakunan da baƙin dutsen aman wuta, bango mai kaurin kamu biyu, a ciki ko ɗigon sabis babu. Rana a can tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, lokacin a Kano ko La'asar ba ta gama sanyi ba. Kafin Hajiya ta idar da Magariba ta gama lazimi, mu 8 na dare ta yi, duhu ya rufe, sanyi kamar tsakiyar hunturu a bakin kogi. Na fito da bargo a kafaɗa ina ɗaga waya sama ina zagaye tsakar gida. Wani yaro mai hura wutar dafa ruwa ya kama hannun rigata, ya ja ni bayan kicin, ya haura da ni wani ɗan tudu inda tankin ruwa yake, ya juya ni na fuskanci fitilun gari a ƙasa. Sanda uku. Ya ce duk mutanen gidan nan suke zuwa waya. Akwai ma wani dutse da zama ya goge shi ya yi sumul. Dare biyu a kansa na cika alƙawari, haƙorana na haɗuwa, Hajiya na tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Gonakin dankalin sun cancanci zuwa. Ƙasar baƙa ce wuluk, mai taushi, tokar duwatsu ce ta dubban shekaru, kuma irin da suka fi alfahari da shi sunan garin ya ci, Kinigi. Suna juya shi da wani farin fure da ake busarwa a yi maganin ƙwari da shi. Amma duk wanda za mu gani, shugaban ƙungiyar manoma ne ko mai rumbun iri, in ka ce ya neme ka a WhatsApp sai ya nuna maka 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai. Lambar Bazazzagi muka riƙa bayarwa.

Alhamis muka hau Bisoke. Ban san wanda ya zuga mu ba. Duwatsun aman wuta biyar ne a gandun dajin da ke yankin, babbansu Karisimbi mai mita 4,507, Bisoke kuma 3,711, a kansa akwai tafki a cikin ramin da wuta ta taɓa fitowa. Ƙarfe 7 na safe ake taruwa a hedikwatar gandun a Kinigi, a raba mutane, a ba kowane rukuni jagora. Daga nan mota ta kai mu ta wata hanya mai duwatsu da ta kusa zubar mini da hanji, ta ajiye mu a inda ya riga ya fi Chappal Waddi tsawo, wato ƙololuwar Najeriya mai mita 2,419. Aka ba mu sanduna, muka ɗauki 'yan dako, masu gadi da bindiga suka shiga gaba da baya saboda ɓauna. Muka ratsa gonaki, muka tsallake katangar duwatsun da ta raba gona da daji.

Tun a daren jiya, a kan dutsen tanki, na sauke taswirar yankin cikin waya. Wannan dabarar ta fi eSIM ɗin amfani a ranar, don ɗigon da ke nuna inda kake daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, ba ruwansa da data. Muna shiga daji sabis ya ɗauke. Jagoran ya ga ina duba waya ya ce in sa ta a yanayin jirgin sama, in kuma cusa ta aljihun ciki kusa da jiki. Wayar da ke neman sabis ba ta samu ba ƙara ƙarfi take yi tana lalube, sanyi kuma na tsotse batir, kafin azahar sai ta mutu. Shi layi biyu gare shi, na kowane kamfani, ya ce akwai gefen dutsen da ɗaya ke kamawa, akwai gefen da sai ɗayan.

Sauran hawan ba labarin waya ba ne. Taɓo ne har ƙauri, da wani ganye mai ƙaiƙayi da ke ratsa wando, da numfashi da ke ƙin isa ƙirji. Muka wuce mararrabar da ke zuwa Karisoke, inda Dian Fossey ta kafa sansanin nazarin goggon biri a 1967, inda kuma aka binne ta bayan an kashe ta a 1985. Ɗan dakona na riƙe da hannuna kamar mai jan makaho yana cewa "buhoro buhoro", wato sannu sannu. Awa huɗu muka yi. A sama hazo ya rufe komai, muka zauna muna rawar ɗari, sai iska ta yaye shi kamar an ɗage labule, ga tafkin a ƙasanmu, shiru, kore-kore, ɗaya gefensa Kwango. Na ciro waya na ɗauki hoto, na buɗe sabis don gwaji, sanda ɗaya ta leƙo, saƙo uku suka shigo, ta koma. Da za mu yi sallah na duba alƙibla, ita ma ba ta bukatar data, sai na ga ta nuna arewa da ɗan karkata gabas. Jikina da ya saba fuskantar gabas sai da ya yi gardama.

Mun sauko a makare, ƙafafuna kamar na aro. Babu direba a inda ya ajiye mu, ya gaji da jira ya gangara ƙauye. Lambarsa na cikin wayata, sabis ya dawo tun a gonaki, data na aiki lafiya lau, amma ba ni da bakin kiran sa, don shi ma ƙaramar waya gare shi. In kira da layin Gida kuwa, kira ne daga Najeriya zuwa Ruwanda ta hanyar romin. Bazazzagi, da taɓo har gira, ya ciro wayarsa a hankali, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ko za ka sa aljanun su kira mana shi?" Minti goma sai ga mota.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Musanze muka nufi Rubavu, ta cikin gonakin shayi, har muka gangaro bakin tafkin Kivu. Garin manne yake da Goma ta Kwango, gida na kallon gida, ga Nyiragongo da ya yi aman wuta a Mayun 2021 tsaye a bayansu. Muna ajiye kaya tes ya shigo layin Gida yana yi mini maraba da zuwa Kwango. Na yi dariya. Da lokacin kiran Hajiya ya yi dariyar ta ƙare. Sabis a cike, data babu. Abokina ya fita kasuwa da wayarsa, Wi-Fi na masaukin kuwa suna ne kawai. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Na shiga saiti har yatsana ya kai kan jan rubutun da ke cewa a goge layin, da tunanin in goge in sake sakawa, sai na tuna kashedin yaron na janye hannu.

Yarinyar da ke karɓar baƙi ce ta cece ni. Ta ce, "Muzehe," wato dattijo, "kawo in gani." Kallo ɗaya ta yi wa saman wayar ta nuna mini sunan kamfanin da ke rubuce. Ba na Ruwanda ba ne. Waya ba ta san iyaka ba, turken da ya fi ƙarfi take bi, a ɗakina kuma na tsallake ne ya fi ƙarfi. Layin da na saya na Ruwanda kaɗai ne, don haka ya kama sabis amma an rufe masa data. Ta shiga wajen zaɓen kamfani, ta kashe zaɓin kai-da-kai, muka jira sunaye suka jeru, ta taɓa na Ruwanda. Ta ce in bar shi haka har sai na bar garin, kuma duk baƙon da ya zo sai ta yi masa wannan.

Har an yi Isha'i a Kano lokacin da kiran ya shiga.

"Ɗan nan, ina ka shiga?"

"Hajiya, wayar ce ta tsallaka Kwango."

"Kwango kuma? Inda ake yaƙin?"

"Ba ni na je ba, Hajiya, ina Ruwanda. Wayar ce kawai."

Ta yi shiru, irin shirun da ba na jinkirin sabis ba. Sannan ta ce, "To ka ce mata ta dawo, kai ma ka matsa daga wurin."

Washegari Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar umuganda, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya. Shaguna a rufe, motoci a tsaye har wajen ƙarfe 11. Da na rasa abin yi na shiga duba lissafin data, na tarar 4GB sun tafi a kwana biyar. Kiran Hajiya bai ci komai ba, murya ba ta da nauyi. Hotuna da bidiyon Bisoke ne wayar ta riƙa kwashewa tana ajiyewa a intanet duk inda ta samu sabis, sai kuma zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na dangi da ke sauke kowane bidiyo da kansu. Na kashe su duka, na kunna yanayin tsimin data, abin da ya kamata in yi tun a Kano. Ƙari kuma sai da dala, sai na sake taso yaron. Bazazzagi ya lissafa abin da ya kashe a nasa layin, data da kira duka, bai kai rabin nawa ba.

Da muka koma Kigali na bi sahunsa. Na je da fasfo, cikin 'yan mintuna aka ba ni layi. Ramin sim ɗaya ne a wayata kuma Gida na ciki, don haka na zura sabon a 'yar Nokia mai tocila da nake tafiya da ita saboda ko-ta-kwana. Haka na yi kwanakin taron, babbar waya na data da Hajiya, ƙarama na direbobi da 'yan acaɓa da mutanen da muka yi musayar lamba. In za a sake, zan sayi eSIM ɗin, amma ƙarami, 1GB ko 2GB, na ranar sauka da daren farko da ranar da layin gari zai ba da matsala. Wanda zai yi kwana biyu a otal a babban birni, ko zai ratsa ƙasashe uku a mako, shi kaɗai ya ishe shi. Wanda zai shiga ƙauye ya yi hulɗa da manomi da direba, ya nemi lamba.

Bayan wata huɗu Bazazzagi ya kira ni da daddare. Ya ce ya canza waya, wannan karon buɗaɗɗiya tun daga kamfani, ya danna lambobin nan doguwar ta fito. Habasha za shi ganin masu noman alkama, jirginsa kuma tsakar dare zai sauka. Ya yi gyaran murya ya ce in turo masa lambar ɗan yayata.